Nasiha Ga Masu Gina Benayen Haya

 Maganar da nake tafe da ita yau maganar gini ce, ko da yake ni ba magini ba ne. Abin da idona ya gani shi ya sa na tsoma baki cikinta.

Cikin bazarar da ta wuce na tafi barkar haihuwa gidan wani tsohon almajirina, wanda yake haya a hawa na ƙarshe na wani sabon bene a bayan ganuwar Kano. Daga waje gidan abin sha'awa ne, ga manyan gilasai masu duhu, ga baƙin rufi mai tsini, ga fenti yana ƙyalli. Na isa bayan la'asar, babu wuta. Da na dafa bangon yamma zan zauna sai na janye hannu, kamar na taɓa murfin tukunya. Aka kawo mini jaririn in yi masa addu'a, wuyansa duk ƙurajen zafi. Almajirin nawa ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗakin nan ba ya barin mutum ya runtsa sai wajen ƙarfe biyu na dare. Mun fi wata guda muna kwana a kan matakala." Na koma gida kafin magariba, na shiga soron tubali da azara wanda na gada, na tarar da shi da sanyinsa, ruwan randa kuma sanyi ƙarara. Rana ɗaya ce ta bugi gidajen nan biyu, a gari ɗaya, cikin wuni ɗaya. Ashe bambancin yana ga hannun da ya gina.

Ra'ayin da nake so in kafa wa hujja shi ne wannan: zafin ɗaki da sanyinsa ana yanke su ne tun ranar da mai gida da mai zanen gini suka zauna a kan takarda, kafin a haƙa harsashi. Abin da suka yanke ran nan shi mutane za su sha shekara hamsin ko fiye. Wanda ya yi sakaci a nan ya ɗora wa 'yan hayarsa wani haraji da ba a rubuta cikin yarjejeniya ba. Masu hali su biya shi ga kamfanin lantarki da gidan mai, marasa hali su biya da barcinsu da lafiyar 'ya'yansu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun da yake 'yan kasuwa na cikin waɗanda nake wa magana, bari mu fara da lissafi. A da akan ce in ɗaki ya yi zafi a sa masa na'urar sanyi, watau iyakwandishan, magana ta ƙare. Wannan zancen lokacin araha ne. Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa 1,000. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga unguwannin da ake kira rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba. Matsakaiciyar na'urar sanyi tana cin kimanin yunit guda kowace sa'a. In ta yi sa'a 8 kowane dare, yunit 240 ke nan a wata, watau naira 54,000 bisa wancan farashi, ga ɗaki ɗaya tak. Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne.

Wannan ma sai in akwai wutar. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗani irinta daga Agusta 2023, sa'ad da aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Nijeriya, har zuwa Maris 2024. Zafi kuwa ba ya jiran a gyara layi. A Kano ma'auni kan haura digiri 40 cikin Afrilu, a garin Kayes na ƙasar Mali ma ya kai 48.5 a farkon Afrilu 2024. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta, sanyinsa na aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. To, ina dabarar da za ta sa bene ya yi sanyi da kansa? Tana cikin mas'aloli biyar.

Mas'ala ta farko, fuskar gida. Malamai sun fi kowa sanin tafiyar rana, gama da inuwa magabata suke gane zawali da shigar la'asar, suna auna ta da taku. Sun sani a ƙasarmu inuwar tsakar rana gajeruwa ce. Kano tana kimanin digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka rana kan bi ta tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin lokutan nan biyu inuwa kan karkata kudu, sauran shekara ta karkata arewa. Fa'idar wannan ga magini ita ce, bangon kudu da na arewa daga sama rana take zo musu, 'yar rumfa bisa taga ta isa ta tare ta. Amma bangon gabas da na yamma rana tana dubansu ido da ido, da hantsi da la'asar, tana shiga ta ƙarƙashin kowace rumfa. Na yamma ya fi muni, domin ranar la'asar tana zuwa ne bayan gari ya riga ya gasu. Saboda haka a miƙe tsawon bene daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da tagoginsu su dubi kudu da arewa. A gefen yamma a sa matakala da makewayi da ɗakin ajiya, su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Wannan bai ƙara wa mai gida ko bulo ɗaya ba. Amma yau titi ya zama alƙiblar gini, duk inda kwalta ta bi nan ake juya manyan gilasai domin masu wucewa su gani su yaba. In yanayin fili ya tilasta duban yamma, to a tare fuskar da baranda mai zurfi da bangon bulo mai huji-huji, a kuma dasa itatuwa.

Mas'ala ta biyu, rufi, shi ne kuwa azabar masu hawa na ƙarshe. Masana sun auna cewa da tsakar rana, in gari ya yi garau, kowane murabba'in mita yana samun zafin rana kimanin wat 1,000, watau kwatankwacin abin da dutsen guga na lantarki yake ci. Rufin da ke da tsawon mita 20 da faɗin 10, ka ƙaddara dutsen guga 200 aka jera a kansa. Baƙin kwano yana shanye mafi yawan wannan zafi, farin rufi kuwa yana mayar da fiye da rabinsa sama. Ba mai sa baƙar riga ya tafi kasuwa a bazara sai dole, to don me muke sa wa gidajenmu? Baƙin rufi mai tsini ya dace da ƙasashen sanyi, inda ake son dusar ƙanƙara ta zame, ake kuma marmarin zafin rana. Namu ya zama fari ko mai haske. A shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, a bar rata tsakaninsa da kwano, a buɗe kafofi a gefe da gefe domin iskar da ta yi zafi a can ta sami mafita. In rufin siminti ne a shafe shi da farar ƙasa ko farin fenti, ko a ɗaga masa rumfa. Haka Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a 2001: ya ɗaga kwano sama da rufin tubali, iska na ratsa tsakaninsu. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka ita ce mafi girma ga masu zanen gini.

Mas'ala ta uku, taga. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya hana zafinsa fita. Duk wanda ya bar motarsa a rana bakin kasuwa ya dawo ya buɗe ta ya san wannan. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage cin wuta a gine-gine, cikinsu har da cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a kuma sa abin tare zafi a rufi. Inuwar da ke amfani ita ce ta waje. Labulen ciki, kafin rana ta taɓa shi zafi ya riga ya shigo ɗaki. A lura kuma, tagar nan da ake turawa gefe rabinta kaɗai ke buɗuwa, alhali mai murfi kamar ƙofa tana buɗuwa duka.

Mas'ala ta huɗu, iska. Iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Hura cikin kwalba ka gani. Yawancin benayen haya ana jera ɗakuna dama da hagu, a bar wani lungu mai duhu a tsakiya, kowane ɗaki da taga ta gefe ɗaya. Irin wannan ɗaki ko iska na kaɗa rassa a waje shi bai sani ba. Abin da ya kamata shi ne kowane sashe ya sami taga ta fuskoki biyu masu duban juna, hanyar wucewa kuma a fitar da ita waje ta zama baranda, ta yi aiki biyu, hanya da inuwa. In benen babba ne a bar masa tsakar gida a ciki. Iska mai zafi sama take yi kamar hayaƙi, saboda haka a buɗe kafofi kusa da silin da bisa ƙofofi, a bar buɗi a ƙolin matakala, a kuma ɗaga silin ya kai mita 3. Iskar damina daga kudu maso yamma take zo mana, ta hunturu daga arewa maso gabas, ka ga tagogin kudu da arewa suna samun rabonsu daga kowace. Sa'an nan mazauna su riƙe al'adar iyaye: a buɗe da dare sanyi ya shiga, a rufe da hantsi kafin gari ya ɗauki zafi.

Mas'ala ta biyar, bango da kewayensa. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya ratsa ciki, shi ya sa soro yake da sanyi da azahar. Bulon inci shida mai rami ba ya da wannan haƙuri. A benen zamani ginshiƙan siminti da ƙarfe ne ke ɗauke da nauyi, bango ciko ne kurum, saboda haka ba abin da ya hana a cike da jan bulo gasasshe, ko da tubalin da ake matsawa da inji a haɗa da ɗan siminti kaɗan. Fentin waje ya zama mai haske. Kada kuma a shafe farfajiya duka da siminti, gama takan sha rana wuni guda ta amayar da ita da dare. Darbejiya biyu a gefen yamma sun fi ƙaton gilashi amfani.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk zancen soro ne, bene dabam. To, alhazan da suka shiga tsohon garin Jidda sun ga benaye na dutsen teku masu hawa da yawa, fuskokinsu lulluɓe da tagogin katako masu saƙa waɗanda ake kira rawashin, iska na shiga, rana da idon mai wucewa na tsayawa a waje. A 2014 aka sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. A Shibam ta Halaramautu, ƙasar Yaman, akwai benayen tubali kimanin 500, waɗansu hawa biyar, waɗansu bakwai ko fiye, bangayensu masu kauri daga ƙasa suna sirancewa sama, lungunansu matsattsu har gida na yi wa gida inuwa. In an ce waɗannan na da ne, ga na zamaninmu kusa da mu. A 2016 Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokan aikinta uku daga Iran da Amurka da Jamus, suka gama wani rukunin gidaje shida a Yamai wanda ake kira Niamey 2000, ƙasa da bene, na matsattsen tubali, da farfajiyoyi da mashigar iska. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tace domin lambar Aga Khan ta 2022. Ita da ɗaya daga abokan nan nata kuma suka gina sabon masallaci a Dandaji ta jihar Tawa da irin wannan tubali a 2018, aka mayar da tsohon ɗakin karatu.

Yanzu bari in amsa wa masu ja, domin suna da hujjoji, ba kuwa zan raina su ba. In an ce ginin ƙasa alamar talauci ne, damina kuma tana cinsa, sai mu ce matsattsen tubali in an ɗora shi bisa harsashi mai tsawo, aka fito masa da bakin rufi, aka gyara indararo, ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce ta ƙasa, tana nan tsaye. Wanda kuma ransa bai kwanta da ƙasa ba, mas'aloli huɗu na farko ba ruwansu da ita, ya yi su da bulonsa.

In an ce buɗaɗɗun tagogi ƙofa ce ga sauro da ɓarawo da ƙurar hunturu da idon maƙwabci, sai mu ce sauro raga ke tare shi, ɓarawo ƙarfe, ƙura kuwa lokacinta ba lokacin zafi ba ne, a rufe. Maganar sirri ita ce mai nauyi, malamai kuma sun san Risala ta ambaci buɗe tagar da ke leƙa maƙwabci cikin cutarwar da aka hana. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen gini, har da na tagogi. Maganin da magabata suka samu shi ne a ɗaga taga sama da tsayin mutum, ko a lulluɓe ta da saƙa. Tagar sama kuwa ita ce ma ta fi fitar da iska mai zafi, ka ga sirri da sanyi sun haɗu a wuri guda. Gilashi mai duhu da ake taƙama da shi, da dare in an kunna fitila na waje ne ke ganin na ciki.

In an ce fili ya yi tsada, baranda da tsakar gida za su cinye ɗakin da za a ba da haya, to wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, gaskiya ce kuma. Lalle za a rasa ɗaki ɗaya ko biyu. Amma Alhaji ya sa sauran lissafin a sikeli. Sashen da ke gasa mutane, da shekara ta cika sukan kwashe kayansu, ya zauna fanko, a sake fenti, a sake biyan dillali. Fanka ba ta cin ko ushirin abin da na'urar sanyi take ci, saboda haka gidan da fanka ta ishe shi 'yan faifan sola kaɗan za su riƙe shi dukansa, irin wannan gida kuwa ba ya rasa mai nema. Bayan riba kuma akwai haƙƙi. Mai gini shi ke zaɓa, ɗan haya shi ke biya, bai kuwa halarci zaman da aka yanke masa hukunci ba. Wanda ya sayar da hatsi ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan buhu mun san sunan abin da ya yi. Ɗakin da aka nuna wa mutum cikin sanyin Disamba, aka karɓi kuɗin shekara, alhali mai gida ya san abin da Afrilu za ta yi masa, sai malamai su duba mana hukuncinsa.

Ba zan ɓoye iyakar wannan dabara ba. Cikin Afrilu da Mayu akwai dararen da soro kansa yake amayar da zafi, shi ya sa iyayenmu suke fita tsakar gida ko su hau bisa rufi su kwana. Mai hawa na uku ba ya da tsakar gida, saboda haka a ba kowane sashe barandar da za ta ɗauki tabarma biyu, a ɗaga rawanin rufi yadda iyali za su kwana ba mai ganinsu. Tsoho da majinyaci za su iya bukatar na'urar sanyi duk da haka, amma ƙarama za ta ishe su, na 'yan sa'o'i kaɗan.

Roƙona ga attajirai shi ne, kafin ku sa hannu a kan zane ku tambayi mai zanen: ina rana za ta bugi gidan nan da la'asar, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita, mene ne tsakanin kwano da kan mutane? In ya kasa amsawa ku nemi wani. Wanda ya riga ya gina, ya fara da farin fenti a rufi da rumfuna bisa tagogin yamma tun kafin bazara mai zuwa. Hukumomin da ke sa wa zane hatimi su ma su riƙa yin tambayoyin nan, gama ƙa'idar da ke cikin takarda ba ta yi wa kowa inuwa. Masu neman haya su je duban ɗaki bayan la'asar, su dafa bangon yamma kafin su biya. Malamai kuwa, ku ake kira ranar aza harsashi, ku ake shawarta wajen ginin masallaci da Islamiyya da makwancin almajirai. Ku fara da naku, ku kuma faɗa wa masu hali a majalisi.

Almajirin nan nawa ya gaya mini in hayarsa ta cika zai nemi ɗakin ƙasa, ko da ya fi nisa da kasuwa. Da ya fita wani zai shiga da iyalinsa, rufin kuwa yana nan baƙi. Allah ya sa masu gini su ji, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.